Ranar da Inna ta hana ni nono

Ina riƙe da soyayyen kifi a kasuwar Gummi, lokacin ina saurayi, na tsaya gun Inna mai nono, wadda kullum nake tsokana wai rabin nononta ruwan gulbi ne.

"Inna, cika min ƙwarya. Kawun yarinyar da nake nema zai yada zango gidanmu."

Ta dubi kifin, ta rufe nononta da faifai.

"Kihi da nono za ka aje ma tsoho? Wanga ja'iri! Cewa zai yi ba ka da manya. Sayo zoɓo, ka sa cikin randa ya yi sanyi."

Na bi shawararta. Kawu ya sha zoɓon kofi biyu, ya koma yana yabon tarbiyyata.

Inna ta rasa ciniki, ni na samu matar aure. Allah ya saka wa Inna. Ku wa ya taɓa tsare muku mutunci haka?