Layin allin da na gyara wa Baba

Wata ranar Laraba ce a ƙarshen bazara, shekarar da nake aji huɗu a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Balan. Zafi ya kai inda ya kai, har kaji sun saki fukafukai sun buɗe baki a gindin rumbu. Na dawo daga makaranta na tarar da Baba a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya, ya ɗaga bonet ɗin motarsa, ya shimfiɗa buhu ya jera sifanu da notuna a kai kamar mai tallan su. Yana ganina ya ce, "Uwata, kawo guntun alli." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana na yanka ba. Ni ce kuma monitar ajinmu, jakata ba ta rabuwa da alli.

Motar nan tsohuwa ce ja, kuma ita ce duk abin da muka mallaka. Shanun huɗarmu guda biyu Baba ya sayar bayan girbi ya saye ta, Inna tana cewa a'a, shi yana cewa kafin damina motar za ta mayar da shanun har da ƙari. Ranakun kasuwa yakan cika ta da mutane da buhunan gyaɗa ya nufi Gaya ko Ajingi, ya dawo da yamma da rake ko ƙosai a leda. Ana nan sai wani direba ya gaya masa belet ɗin da ke cikin injin, mai haƙora, ya fara tsagewa, in ya tsinke a hanya inji ya tashi aiki. Baba ya yi shekaru yana kula da injin niƙa, ga shi ba ya yarda da kanikawa ko kaɗan. Ya sayo sabo a Gaya, ya ce, "Belet ai belet ne."

Kafin ya cire tsohon, ya ja layi da allina a jikin wani faifan ƙarfe mai haƙora, ya ja wani a jikin injin daidai da shi. Ya ce muddin layukan nan biyu suna kallon juna, sabon belet zai zauna yadda tsohon ya zauna. Yana cirewa aka kira Azahar. Ya wanke hannu da toka, ya ce in tsaya a wurin kada kowa ya taɓa komai, ya wuce masallaci. Ni kuwa a lokacin akwai ni da iyayi. Malaminmu ya sha yaba rubutuna a gaban aji, kaina ya kumbura. Na leƙa na ga layin da ke kan faifan kauri gare shi, ya karkace kamar sawun tsutsa. Na sa bakin hijabina na goge shi tas, na ja wani siriri, miƙaƙƙe, a inda na ga ya fi kyau. Da Baba ya dawo ya duba ya ɗaure fuska, ya ce, "Ashe ya ɗan motsa." Ya sa sifana ya juya faifan har layina ya kalli nasa, sannan ya ɗaura belet.

Motar ta tashi, amma ba da muryarta ba. Tana karkarwa, tana tari, bututun hayaƙinta na harbi, in ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Nan take na san abin da na yi. Washegari ya ɗebi fasinja, ko tudun bayan makaranta ba ta iya hawa ba, mutane suka sauka da kayansu suka hau babura. Daga ranar Baba bai sake samun sukuni ba. Ya canza fulogi, ya kwance kafireta ya wanke a cikin kwanon Inna, ya zuƙe man tanki da tiyo ya ce na bumburutu ne mai ruwa. Maƙwabta kowa da tasa. Wani ya ce baturi, wani ya ce kambun baka, har Goggo, yayar Baba, ta kawo garwashi ta turara motar ciki da waje. Babu wanda ya waiwayi belet, tunda Baba ya rantse ya sa shi a kan alama. Inna dai tana surfe tana cewa, "Garin neman gira an rasa ido."

Kusan sati biyu ina ɗauke da maganar nan. In na je ɗebo ruwa tana raina, in ƙawayena suna carafke a zaure sai in ce kaina ke ciwo. Sau ɗaya na kai masa fura gindin darbejiya da niyyar in faɗa. Ya ɗago, idanunsa sun faɗa, baƙin mai har goshi, ya ce, "Ke kaɗai ce ba ki ce mini na yi wauta ba." Na ajiye kwanon na koma cikin gida. Tsoron duka ba ya cikin lissafina, Baba ba ya duka. Kunyar in zube a idonsa ce ta rufe mini baki.

Ranar da aka yi ruwan farko, kowa ya fita da iri, Baba ya haƙura ya sa motar a kasuwa. Wani mutum ya zo daga Gaya tare da bakanikensa, aka yi ciniki a gaban shaidu a kan inji ya lalace, a farashin da ko sa ɗaya ba zai saya ba. Baba ya ce ya sallama. Sai bakaniken ya buɗe murfin belet, ya goge maiƙo da tsumma, ya nuna wasu 'yan tsagu a jikin ƙarfen, ya ce ai inji da alamarsa yake zuwa, ba ya buƙatar alli. "Haƙori biyu kawai ya goce, Malam." Kafin La'asar motar ta dawo da muryarta ta da. Wani dattijo ya ce a sake duba cinikin, Baba ya ce bakin alƙalami ya bushe, shi ba ya magana biyu. Ya kalli tafin hannunsa ya ce, "Aikin hannuna ne." Ina laɓe a bayan ƙyaure ina jin sa.

Daminar nan da hannu muka yi huɗa, Baba da garma, yayyena a bayansa, rabin gonar kuma ciyawa ta cinye. Duk ranar kasuwa jar motar takan wuce ta bakin gonarmu maƙare da mutane, ta nufi Ajingi, direban har oda yake yi mana don gaisuwa. Baba yakan ɗaga hannu ba tare da ya miƙe ba. Bai sake riƙe sifana ba, ko keken yayana ya lalace sai ya ce a kai wa masu aikin.

Yanzu in motar mijina ta soma rawa, waya ɗaya yake bugawa, bakanike ya zo ya gano matsalar kafin shayi ya huce. Nakan tsaya ina kallo, in tuna mutumin da ya yi sati biyu a rana yana neman laifin da ke zaune a cikin gidansa. Kullum cewa nake sai na ƙara girma zan gaya masa, har na yi aure, har na haihu. Baba ya rasu yana ganin laifinsa ne, ni kuma na bar shi a haka.