Takardar da Auta Ta Ninke

Idan ka bi ta bayan ajin Malama da hantsi, sai ka rantse ba karatu ake yi ba. Wani na rera waƙa, wata na tsalle a kan lambobin da aka zana da alli a ƙasa, wasu uku sun haɗa kai a kan wata kwamfutar hannu mai tsagaggen gilashi suna ta musu. Ranar da sabon hedimasta ya fara aiki, da gudu ya faɗo ajin, ya zaci faɗa ne ya kaure. Ashe lissafin sau bakwai ake yi.

Shekara ashirin da biyu Malama ta yi a aji huɗu. Ita kanta sai da ta kai shekara goma kafin karatu ya zauna mata, saboda haka ta san zafin zama a bencin baya kana kallon allo kamar bango. Shi ya sa ko da wasa ba a cewa daƙiƙi a gabanta. Ta ce wani yaron ta kunne ake shigarsa, wani ta ido, wani kuwa sai ƙafarsa ta motsa kansa ke buɗewa.

Da aka kawo wa makarantar kwamfutar nan guda ɗaya tal, malamai suka ce a kulle ta a ofis kada ta fashe. Malama ta ɗauka. Ta kuwa fashe a mako na biyu, amma ba ta daina aiki ba. Akwai wani yaro da ake ce wa Sarkin Surutu, bakinsa ba ya hutawa. Malama ta naɗi muryarsa yana karanta labari, masu jinkirin karatu su saurara suna bin layi da yatsa. Masu son zane ta ɗauki hoton aikinsu, ta haska a bango kowa ya gani.

Yarinya ɗaya ce ta gagare ta: Auta, 'yar tela. An gwada waƙa, shiru. An gwada tsalle, ta noƙe. An miƙa mata kwamfutar, ta kife ta a kan benci. Ranar gwajin lissafi ba ta rubuta ko ɗigo ba, sai ta miƙa takardarta a ninke. Malama ta ba ta sifili, ranta na suya.

Sai da aka tashi, tana tattara takardu, ta buɗe ta Auta ta tsaya. Tambayar farko cewa ta yi a raba abu ɗaya gida takwas. Ga layukan ninki nan, gida takwas cif. Ta ɗauko rula ta auna, babu gidan da ya fi wani ko da silin gashi.  Washegari ta ba Auta tsohuwar jarida, ta saita kwamfutar tana ɗaukar bidiyon hannayenta kawai, ban da fuska, ta ce, “Nuna min, 'yata.”

To, amma katin sakamako ya riga ya isa gida. Ranar Litinin sai ga Tela a ƙofar aji, tef ɗin awo rataye a wuya, Auta na raɓe a bayansa.

“Malama, ki yi haƙuri, na zo ɗaukar ta ne gaba ɗaya. Shekara huɗu tana ɗumama benci. Gara ta zauna a shago, ko maɓalli ta koyi sawa.”

“Baban Auta, ka zauna mana.”

“Na bar ɗinki a kan keke.”

“Ɗinkina da ka ce min Laraba tun watan jiya? Zai jira.”

Yara suka fashe da dariya. Tela ya sosa ƙeya, ya takure a kan ɗan benci, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa. Malama ta san in ya fita da yarinyar yau, ba ta ƙara ganin ta. Ta sa aka rufe tagogi, ta kunna majigi.

Hannaye biyu ƙanana suka bayyana a bango, suna ninke jarida. Wata siririyar murya ta ce, “Wannan rabi. In ka sake ninkewa, kwata. Kwata biyu su ne rabi, ga shi, sun hau kan juna.” Hannayen suka ci gaba, har ɗaya bisa takwas, har ɗaya bisa sha shida, ba gargada.

“Aji biyar ma da wannan suka gane darasin,” in ji Malama. “Malaminsu sau uku yana aro.”

Tela bai ji ta ba. Ya miƙe, ya matsa har inuwarsa ta rufe rabin bangon.

“Baba, ka kare mana!” in ji Sarkin Surutu.

“Wannan ai ninkina ne,” Tela ya faɗa a hankali. “Haka nake kama gefen yadi, da ɗan yatsan tsakiya. Ban taɓa koya wa kowa ba.” Ya juyo wajen Auta. “Ke, yaushe?”

“Ina kallon ka, Baba.”

Wannan ne karo na farko da yawancin 'yan ajin suka ji muryarta ba ta cikin na'ura ba.

“Ba zan ruɗe ka ba,” in ji Malama. “Rubutu bai zauna ba tukuna. Amma lissafin yana nan, a hannunta yake. Ka ba ni zango ɗaya in kai shi takarda.”

Tela ya ce a sake kunnawa. Aka sake. Ya kalla har ƙarshe, yana murza tef ɗin wuyansa.

“Ba ta danne ninkin da farce ba,” ya ce. “Sai an gyara wannan.” Ya share ido da bayan hannu, ya dubi Malama. “Ƙarfe nawa kuke tashi?”

“Biyu saura kwata.”

“To, ta same ni a shago in an tashi.” Ya dubi Auta. “Ke kuma wuce ki zauna, kin tsaya kina kallo na.”