Jan da ya fito a kan sunana

A shekarar da ayyukan ƙungiyarmu suka kai huɗu, ni aka ɗora wa neman lozisiyel, wato manhajar da za mu riƙa bin su da ita a ordinata, kwamfuta ke nan. Muna da ginin rijiyoyi a yankin Sukukutane, rumbun hatsi a Ɗan Kassari, rabon irin wake a Matankari, da lambun mata can wajen Tibiri. Biro ɗinmu kuwa, wato ofis, ɗaki uku ne a Dogon Dutsi, kuma takardu sun fara fin ƙarfin kabad. Shugabarmu, wata Hajiya mai ƙarancin magana, ta ce in duba in kawo wanda ya dace da mu.

Na gwada guda uku. Na farko ba shi da ado ko kaɗan, amma yana aiki a wayar hannu ko babu rezo, wato sabis na waya, in mutum ya shigo gari sai ya aika abin da ya rubuta. Na biyu ya yi mana girma. Na uku shi ne mai kyan gani. Kowane aiki yana da launi, kore in yana tafiya, ja in ya makara, kuma yana nuna a hannun wa ya tsaya.

Da na ga wannan jan, mutum ɗaya ya faɗo mini a rai, dattijon da ke kula da rijiyoyi. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, duk biro Baba muke ce masa. Ya taɓa gyara mini magana a gaban maigari da jama'arsa, ranar da na tsaya ina nuna inda za a haƙa rijiya ban tambayi kowa ba. A hankali ya ce mini wurin tsohuwar maƙabarta ce. Gaskiya ya faɗa, amma na riƙe abin a zuciya shekara biyu. Ga shi kuma aikinsa ya makara, kowa ya sani. Na ce a raina, bari allo ya faɗa masa abin da bakina ba zai iya ba.

Da na nuna wa ma'aikata su ukun, Baba ne kaɗai ya yi tambaya.

"Wannan mai launi, yana yi inda babu rezo?"

"Baba, ai yanzu ko'ina akwai rezo."

"To. Mu can sai mun hau tudu muke samu."

 Ni kuma na je na gaya wa Hajiya na uku ya fi, saboda yana fitar da rapor, wato rahoto, mai tsabta ga masu tallafa mana. Ba ƙarya ba ce, amma ba shi ne dalilina ba.

Sakatariyarmu ce ta shigar da komai. Mace ce mai tsanani a kan aiki, duk takardar da ta shigo biro sai ta rubuta ranar zuwanta da wanda aka miƙa wa. Ta kwashe mako biyu tana juye wannan rubutun nata duka cikin ordinata. Da ta gama na buɗe, na ga layin rijiyoyi ja wur daga sama har ƙasa. Raina ya yi fari, na rufe, ban danna ko ɗaya ba.

Ranar taron kwamiti mutum goma sha biyu ne a ɗakin, har da wakilan manoma da suka zo a kan moto, wato babur, tun da safe. Na haska allon a bango. Na bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya, na bar rijiyoyi a ƙarshe, na ja baya kaɗan don kowa ya gani da kyau.

"Kun ga inda matsalarmu take," na ce.

Baba yana zaune kusa da ƙofa, hularsa a gwiwa. Hajiya ta gyara tabarau.

"Ka ce yana nuna inda abu ya tsaya. Danna mu gani."

Na danna. Takardar neman izinin ɗaukar siminti da ƙarfe zuwa ƙauye ce, ta shigo mako bakwai da suka wuce, tana jiran sa hannu. A gefenta sunana ne. Na danna na biyu da sauri, ina zaton kuskure ne. Takardar kiran magina, mako biyar, sunana. Na uku ma haka. Na tuna da su a take. Suna cikin aljihun teburina, ƙarƙashin wasu fayil, inda nake tura duk abin da ya fito daga hannun Baba in ce sai na samu lokaci.

 Wani wakili daga Matankari ya tambayi na kusa da shi abin da aka rubuta, aka fassara masa a kunne, na ga ya ɗago ya dube ni.

Baba ne ya yi magana.

"Hajiya, aiki ya yi mishi yawa. Ayyuka huɗu ne bisa kainai, mu ɗai-ɗai muke riƙe da su. In an sa hannu yau, gobe sai mu tahi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Hajiya ta ce in je in ɗauko takardun. Na fita na dawo da su, gefen ɗaya har ya naɗe, na sa hannu a tsaye a gaban kowa.

Kwana uku ina kauce masa. A na huɗu na same shi a gindin dalbejiyar biro yana ɗaure jarkar mai a bayan moto. Na gaishe shi, na ce ina da magana. Na faɗa masa duka, har da maƙabarta, har da dalilin da ya sa na zaɓi mai launi.

Ya ci gaba da jan igiyarsa har ya ƙulle.

"Na sani tun ranar da ka ce ko'ina akwai rezo," ya ce. "Ni na yafe. Amma ba ni ka tsare ba, ɗana."

Ban gane nufinsa sosai ba sai da ruwa ya sauka. Rijiya biyu aka gama. Ta uku damina ta riske ta, ramin ya rufta, magina suka koma gonakinsu, aka bar ta sai wani rani. Na je ƙauyen da kaina bayan girbi. A hanya muka wuce mata da amalanken jaki cike da jarkoki, suna dawowa daga rijiyar wani gari. Suka gane motar ƙungiya, suka ɗaga mana hannu suna yi mana sannu da zuwa. Direba ya amsa. Ni na kau da kai.

Daga baya na rubuta wa Hajiya cewa a koma kan lozisiyel na farko, wanda ma'aikatan ƙauye za su iya amfani da shi a waya. Ta amince, ba ta tambaye ni komai ba. Da rani ya zagayo na nemi a tura ni wajen rijiyar nan, na yi kwana goma sha ɗaya a ƙauyen ina kwana a zauren maigari, har aka kai ga ruwa.