Jar Igiyar Jirgin Oga

Shekarun da gwamnati ke kwaso komatsanta daga Legas tana jibgewa a Abuja, ba abin da ban ga an ɗauro a bayan tirela ba. Kujeru, akwatunan fayil, tukwanen fulawa, har kejin kare. Duk da haka, ranar da wani direba ya shigo garejinmu a Apo yana cigiyar wanda ya san injin jirgin ruwa, sai da na yi dariya. Jirgin ruwa a garin duwatsu! Wane irin jin daɗi ne ya yi wa mutum yawa haka?

Ni mutumin Yawuri ne. A bakin kogi na tashi, injinan kwale-kwale na fara kwancewa kafin neman abinci ya jefo ni cikin makanikan mota. A garejin kallon ɗan ƙauye mai ƙarnin kifi ake yi mini, ba a ba ni sai wankin kafireto. Shi ya sa sai da uku daga cikin manyanmu suka je suka kunyata kansu, sannan wani ya tuna akwai ni.

A hanya direban ya ba ni labari. Ogansa babban darakta ne a wata ma'aikata, ɗan Arewa, ya daɗe a Legas. Da aka ce a taso, ya ce ba zai bar jirgin shan iskarsa ba, aka ɗauro shi har Abuja don a riƙa sa shi a dam ɗin Jabi. Tare da jirgin aka taho da mai kula da shi, wani dattijo Banufe da ake ce wa Baba, da matarsa, aka ba su ɗaki a bayan gida. Yau wata biyu inji ya ƙi tashi. Oga ya gayyaci manyan baƙi ranar Asabar, ya kuma rantse in jirgi bai tashi ba, Baba ya tattara nasa ya bar masa gida.

"Laifin me ya yi?" na tambaya.

Direba ya kalli hanya. "Ka dai je ka gani."

Na tarar da jirgin a tsakar gida bisa ƙaramar tirelarsa, fari fat, an buɗe kan injin an bar shi a rana. Baba na tsugune a gindinsa, gajeren mutum mai furfura, hannunsa duk kanta. Na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Ban ga laifinsa ba. Ya ga makanikai uku kafin ni.

Makanikan mota, Allah ya shirye su, karatunsu ɗaya ne: cire, sa sabo. Sun canza filogi. Sun canza kwayil guda uku. Sun kawo batir na babbar mota. Sun wanke kafireto har sau uku, ɗaya ma ya yi ta bugun kikistata da sifana kamar mai fasa ƙwaƙwa. Kuma duk a busasshiyar ƙasa suke ta murza shi, ko a jikinsu, ba su san injin ruwa sai ƙafarsa na cikin ruwa ake taɓa shi ba. Da ya tashi ma da sun ƙona shi. Wallahi na ji kunyar cewa daga gareji ɗaya muka fito.

Na sa aka kawo durom aka cika da ruwa, muka tsoma farfela a ciki. Sai a lokacin Baba ya ɗago ya dube ni. Na murza makulli: gurr, gurr, yana juyawa da ƙarfinsa amma ba ya kamawa. Batir lafiya ke nan. Na shinshina tanki, man ya tsufa, na sa aka zubar aka zuba sabo, na matsa robar tiyo har ta yi tauri. Shiru. Na kwance filogi ɗaya, na jingina shi da jikin inji, na ce Baba ya murza. Ko ƙyas. Na biyu haka, na uku haka.

To, filogi uku ba sa mutuwa rana ɗaya, kwayil uku ma haka, balle sababbi. In wuta ta ɗauke gaba ɗaya, wani abu guda ne ya danne ta. Akwai wata baƙar waya mai ratsin ɗorawa da ke fita daga akwatin wuta, aikinta kashe inji. Na zare ta. Baba ya murza, sai ga wuta shuɗiya a bakin filogi, tas, tas, tas. Na mayar da wayar, wuta ta ɗauke. Na bi ta da yatsa har gefen sitiyari, inda ta ƙare a jikin wani ɗan jan maɓalli. Wuyan maɓallin wayam, ba komai.

Wanda bai san ruwa ba, ga yadda abin yake. Jirgi ba mota ba ne. In direba ya faɗa ruwa, jirgi ba zai tsaya ba, zagayowa zai yi farfela ta yanka shi. Don haka ake yin wata jar igiya mai lanƙwasa, bakinta ɗaya a ɗaure a hannun direba, ɗaya bakin da ɗan maƙalin roba a soke a wuyan maɓallin nan. Ka faɗi, igiya ta fizge, inji ya mutu. Muddin ba ta jiki, ko shekara za ka yi kana murzawa ba zai tashi ba. Ɗan shekara bakwai a Yawuri ya san wannan.

"Baba, ina igiyar?"

Dattijon nan ya saki makulli. Hausarsa irin ta zaman Legas ce, ya ce, "Alhamdulillahi. Ɗana, wata biyu ina faɗa. Igiyan sun ƙone shi."

Direba ne ya ƙarasa mini, murya ƙasa-ƙasa. Tun da aka taso abubuwa suka cakuɗe wa Oga. Ofishin da aka yi masa alkawari wani ya shige, ga ciwon baya. Sai ƙanin matarsa, wani mai zaman banza da ke cin tuwon gidan, ya ɗauko wani mai duba daga Masaka. Mutumin ya zaga ɗakuna bai sami abin nunawa ba, ya hau jirgi, ya ga jar igiya a nannaɗe da baƙin abu mai baki biyu. Ya yi kabbara, ya ce ga ta nan, jifa ne. Aka haɗa da turare aka ƙona, Oga da kansa ya ƙyasta ashana. Wa ke hawa jirgin in ba Baba ba? Da inji ya ƙi tashi sai aka ce ka gani, asirin ne ya kama shi. Da Baba ya ce a nemo wata igiyar sai aka ce ka ji, yana neman a maido masa da kayan aikinsa.

Mutumin da aka ce ya yi karatu har ƙasar waje, wanda takardar ƙasa ba ta wucewa sai ya sa hannu, shekara da shekaru yana zaune a jirgin nan yana shan lemo, bai taɓa duban hannun mai tuƙa shi ba. Tir!

Na yanki murfin jarka, na fiƙe shi ya yi baki biyu, na soka a wuyan maɓalli, na ɗaura masa igiyar shanya. Murzawa ɗaya inji ya ɗauka, hayaƙi ya turnuƙe, ruwan durom ya fantsama har kan fulawoyin Hajiya matar Oga. Baba ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya yana share ido. Matarsa ta leƙo daga bayan gida, ta ɗaga hannu sama.

Oga ba ya nan, ƙanin Hajiya ne ya fito yana sakace. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har na zare robar inji ya mutu, na mayar ya tashi, don ya gani da idonsa. Ya gani sarai. Ya ja ni gefe.

"Malam, maganar nan ta tsaya a nan. So kake a ce Oga ya ƙona kayan injinsa da hannunsa? A gaban mutane? Kai ba ka da manya ne a garinku?"

Na ce Baba fa? Ya ce ai tunda inji ya tashi magana ta wuce. Na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi.

Ranar Asabar da hantsi aka ce in zo dam ko da wani abu zai taso. Manya sun hallara da manyan riguna, kowa na tattare malum-malum yana taka jirgi kamar mai taka ƙwai. Baba ya ja su ya zaga da su sau biyu, lafiya lau, ko tari inji bai yi ba. Da suka sauko Oga na ta fara'a, ya yafito ni.

"Ga yaron da ya yi aikin. Kai, faɗa musu, me ya same shi?"

Ido ya dawo kaina. Ƙanin matar na bayansa yana kallona. Baba na cikin jirgi riƙe da sitiyari, shi ma ni yake kallo, fuskarsa a sake, don ya tabbata yau za a wanke shi. Ni kuwa tun ina yaro aka koya mini ba a kunyata babba a bainar jama'a. Na rusuna.

"Ranka ya daɗe, wata 'yar waya ce ta hana wuta zuwa."

Ba ƙarya na yi ba, haka na yi ta gaya wa kaina daga baya. Oga ya juya ga baƙinsa. "Kun ji ko? Waya! Wata biyu mutum na zaune yana cin abincina, waya ta gagare shi, ban da sauran abin da ba zan faɗa a nan ba." Suka yi ta girgiza kai. Ya sake dubana. "Kana da iyali? Akwai ɗaki a bayan gida. Litinin ka fara."

Kalma huɗu ko biyar ta isa in wanke Baba. Bakina a buɗe yake, harshena lafiyarsa ƙalau. Amma a rumfar kwano nake kwana a Apo, matata na Yawuri shekara biyu ban iya ɗauko ta ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

Duk rainin da na yi wa mutanen gidan nan, da makanikai, da mai duban Masaka, su dai ba su sani ba, ko sun ƙi sani. Ni na sani.

Litinin da safe na iso da jakata. Na tarar Baba da matarsa sun fito da kayansu: katifa a naɗe, tukwane cikin buhu, matar na zaune bisa akwati tana jiran a kai su tashar Mararaba. Ba ta amsa gaisuwata ba. Na fara, "Baba, don Allah..." ya ɗaga mini hannu. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na ji sanyi. Ya ciro makulli daga aljihu ya sa mini a tafin hannu.

"Ƙofan yana cijewa," ya ce. "Sai ka ɗaga shi kaɗan kafin ka tura."

Shekara bakwai na yi a ɗakin nan, a ciki aka haifa mini 'ya'ya biyu. Ga magagari, ga guduma, ga sifana a akwatina, aikin minti biyar ne. Ban taɓa gyara ƙofar ba, kullum sai na ɗaga ta.