Ƙofar da Babu Gari a Bayanta

Mun tashi da asuba daga Sentul, unguwar da muke zaune a nan ƙasar waje, ni da maigida da surukata Hajiya, wadda ta zo mana daga Kano. Sati guda ina cika mata baki cewa a garin Melaka akwai ganuwar Turawa, A Famosa, wadda ta haura shekara ɗari biyar. Ni kuwa ban taɓa zuwa ba. Hajiya na fama da gwiwa, don farin cikina kawai ta yarda.

Awa biyu motar ta yi tana ratsa gonakin kwakwar manja, titi sumul. Muka ci shinkafar kwakwa da muka yi tapau, wato aka ƙunsa mana, a shagon abinci na mamak, Hajiya ta ce yajin yana da kirki, gyaɗar ce aka yi rowa.

Muna isa muka tarar da wata 'yar ƙofar dutse, mutane na ta hoto. Mu Kanawa mun san ƙofa shiga gari ake da ita, sai muka ratsa ta muka wuce neman ganuwa. Muka hau tudu, matakala bayan matakala, Hajiya na dafa kafaɗata tana salati. A sama sai tsohon coci marar rufi da duwatsun kaburbura.

Da muka sauko na tambayi wani mai keken yawo da aka yi wa ado da furen roba. Ya nuna ƙofar nan ya ce, "Ita ce lah," wato ai ita ce. Mutanen Fotugal suka gina, na Holan suka ƙwace, Ingila ta zo ta rushe, ƙofar kaɗai ta tsira.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Maigida kuwa ya duƙufa kan wayarsa kamar bai san mu ba.

Hajiya ta daɗe tana kallon ƙofar, sannan ta gyara mayafi ta ce, "'Yar nan, ɗauke ni hoto."

Sai da muka dawo gida ina shafa mata man zafi ta yi magana.

"Su, baƙi ne suka rushe musu tasu, su kuma suka riƙe abin da ya saura. Mu fa? Ɗakin da na haifi mijinki, da ƙasar badala, ganuwarmu ta Kano, aka yaɓe shi. Ni na aiki mai jaki ya ɗebo."

Na koyi daina yabon abin da ban gani ba. Hoton kuwa ta sa an tura wa dangi kaf, wai ga ƙofar da ta tsira don ba ta haɗu da ita da mai jakinta da wuri ba.