Matan Japan da Na Liƙe a Leda

Samari, ku gyara zama. Mai wannan rubutu bai gama firamare ba, amma ya yi karatu mai zurfi a gidan yarin Dubai, don haka a saurare shi da ladabi.

Ɗaurin kaya nake yi a Murshid Bazaar, wajen wani Alhaji ɗan Maraɗi, lokacin da benaye suka fara tsirowa ko'ina. Ba ruwana da kayan kowa. Wata rana sabulu ya faɗo daga katan, na sa a aljihu, ba wanda ya ko yi tari. Daga sabulu sai turare, daga turare sai agogo.

Sai aka tura mu ɗaure kayan wata tsohuwa 'yar Japan. Mijinta ya rasu, za ta koma gida. Ta fito da wasu hotuna a kan takarda mai laushi. A ɗaya, mace ta tanƙwashe ƙafa tana kaɗa wani abu mai tsirkiya uku kamar molo, wata tana gyara mata gashi. A wani kuma 'yan mata sun kewaye dogon katako mai tsirkiyoyi. Direbanta ya ce ba zane ba ne: katako ake sassaƙawa, a shafa launi, a danna takarda, kowane launi da katakonsa. Ya ce sun girmi kakana. Tsohuwar ta ɗan sunkuya mini, ta ce da Larabci, “Shwaiya, shwaiya,” wato a hankali.

Na bi su a hankali kuwa, har cikin rigata.

A ɗakinmu na unguwar Al Ras gumi ya fara lanƙwasa su. To ni mutumin Kano ne. Takarda mai daraja, ta fili ko ta haihuwa, laminatin ake yi mata. Na kai su shago, injin ya haɗiye su da zafi, suka fito liƙe a leda suna ƙyalli. Na ce wa kaina: ga ilimi.

Na kai wa wani mai sayar da tsofaffin kaya. Ya ɗauka, ya juya, fuskarsa ta mutu.

“Habibi, wa ya yi musu haka?”

“Ni. Ko ruwa ba zai shiga ba.”

Ya ce in zauna a kawo shayi. Ya shige ciki. Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa, ga wani ƙato ya tsaya a bakin ƙofa yana duba farcensa. Shayin ya huce a hannuna. Na ce zan je masallaci. Ƙaton ya ce, “Lokaci bai yi ba.” Ashe 'yan sanda aka kira.

A ofishin 'yan sanda Alhaji ya zo, ya dube ni. “Wannan? Khalas, na sallame shi.” Ban ji zafin wannan sosai ba. Sai aka shigo da tsohuwar. Ta sa farce a gefen ledar tana neman baki, jami'in ya riƙe hannunta, ya ce in an ɓare, launin zai biyo ledar. Ta yi magana, tafinta ya juya mini: mahaifiyarta a ƙarƙashin hoton nan take zama ta yi kiɗa, ita kuma tun tana yarinya ba a taɓa barinta ta taɓa takardar ba. Yanzu dai, in ji ta, kowa na iya taɓawa.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ci sarƙa, aka sako ni, aka ɗora ni a jirgi ba komawa. Na tuba, ina roƙon Allah gafara, ita kuwa ban san inda zan same ta ba.

Ku da kuke dariya, na ji ku, ku yi. Amma kayan mutane, ƙarami ko babba, ku bar shi inda kuka gan shi. Kada ku ce in an kama ku sai ku mayar. Ni nawa an mayar wa mai shi gaba ɗaya, ba abin da ya ɓace, kuma tana kuka ta tafi.