Ɗanmusa Mai Jin Indiyanci

Shekara ashirin Ɗanmusa yana fassara fim ɗin Indiya a Bagudo, alhali bai san ko "sannu" da Indiyanci ba. Ranar kasuwa zai kewaye fili da zana, ya tada janareto, ya tsaya gefen talabijin da sanda a hannu. Fuskokin 'yan wasa kawai yake karantawa. In mace ta yi kuka, ya ce uwarta ta mutu. In namiji ya zare ido, ya ce gona aka ƙwace masa. Fatake daga Dole Kaina har da na tsallaken Benin suna cika tabarmi, mata na share hawaye, kowa ya yarda mutumin nan ya taɓa zama birnin Bambai na Indiya. Wannan yardar ita ce duk abin da ya mallaka, da ita ma ya samu matarsa Rahmatu.

Sai waya ta shigo, da fina-finai masu fassarar Hausa a ciki. Fili ya watse, aka ɗaure awaki a wurin. Ɗanmusa ya koma sayar da goro, amma a gida har yanzu shi ne masanin Indiya.

Ranar sallah da yamma iyali suka taru a tsakar gida. Babban ɗansa Zayyanu, mugun yaro duk da gemunsa, ya nemo wani tsohon fim da uban ya sha nunawa, mai fassarar Hausa a waya, ya kashe sauti.

"Baba, hwassara muna wanga kamar dauri."

Tsoho ya ji daɗi har ya miƙe tsaye, muryarsa ta dawo. Ya ce saurayin nan wan yarinyar ne, yana roƙonta ta yafe masa gadon da ya cinye. Sai Zayyanu ya mayar da fim baya, ya buɗe sauti. Ashe mijinta ne, yana sanar da ita likita ya ce kwanansa ya ƙare.

Jikoki suka yi ta birgima don dariya, surukai na rufe baki da gyale. Rahmatu ba ta yi dariya ba. Ta dube shi ta ce, "Malam, shekara talatin ina la'antar bawan Allah wanga bisa gadon da bai ci ba."

Ɗanmusa ya zauna. Wata jika ta miƙo masa waya, ta ce ya sake fassarar, ba ta ɗauki bidiyonsa da kyau ba.